Daga Zango Zuwa Kilomita: Tarihin Lissafin Hanyoyi a Ƙasar Sakkwato

Akwai wani adadi da ya daɗe yana yawo a bakin ministoci da 'yan jarida da ɗalibai masu rubuta kundin digiri: wai tsawon hanyoyin mota a Najeriya kimanin kilomita 195,000 ne, wani lokaci a cika shi a ce 200,000. Tun farkon shekarun 2000 ake ambaton sa. Daga lokacin zuwa yau an yi shugabannin ƙasa biyar, gwamnoni sun buɗe sababbin tituna ba iyaka, ambaliya ta cinye wasu, daji ya rufe wasu, amma adadin yana nan inda aka bar shi. Duk wanda sana'arsa ta shafi rumbun bayanai na kwamfuta, kamar tawa, ya san ma'anar lambar da ba ta motsi: babu mai sabunta ta.

Daga cikin waɗannan hanyoyi, abin da ke hannun gwamnatin tarayya bai wuce kimanin kilomita 35,000 ba. Saura duk na jihohi ne da ƙananan hukumomi, kuma ƙananan hukumomin su ke da kaso mafi tsoka. Ke nan Abuja ba za ta san yawancin hanyoyin ƙasar ba sai abin da aka aika mata daga ƙasa. To wa ke aikawa, me yake aikawa, kuma me zai same shi idan bai aika ba? Wannan tambaya tana da tarihi, kuma Sakkwato wuri ne mai kyau na bin sawunta, domin har yau layin dogo bai iso birnin ba. Albasa, shanu, siminti, mai, mara lafiya da gawa, duk ta kan titi suke shiga su fita.

Lissafin madugu

Kafin zuwan Turawa ba a auna hanya da tsawo, da kwana ake auna ta. Idan aka tambayi madugu nisan Sakkwato zuwa Kano, ko zuwa Gwanja ta Jega da Yawuri inda ake sayo goro, zai faɗi yawan zangon da za a yi. Amma ba nan zai tsaya ba. Zai faɗi zangon da ke da rijiya da wanda ba shi da ita, gulbin da ba a ƙetare shi da damina, garin da ake biyan kuɗin fito, da dajin da ba a shigar sa sai ayari ya yi yawa. Wannan ilimi shi ne jarinsa, domin a kansa fatake ke damƙa masa dukiyarsu da rayukansu.

Fada ma ba ta jahilci wannan ba. Lokacin da Baturen nan Kilafatan, wanda aka sani da Abdullahi, ya zo Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar ƙasashen da ke ƙarƙashinsa mai nuna garuruwa da gulabe da hanyoyi, aka kuma buga ta a Landan a 1826. Gidan Waziri, wanda ke kula da wasiƙu tsakanin Sakkwato da masarautun gabas irin su Kano da Zazzau, ba zai iya aikinsa ba sai da sanin kwana nawa manzo zai yi a hanya. Shi kuwa Bajamushen nan Barth, wanda ya iso Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya cika littattafansa da jerin zanguna da ya tattaro daga bakin fatake da alhazai. Shi da kansa ya ɗanɗana kuɗarsa a Dajin Gundumi, inda ayarinsu ya yi tafiyar fiye da yini da dare ba hutu, saboda rashin ruwa da tsoron mahara.

Abin lura shi ne, ma'aunin madugu ya haɗa abubuwa uku wuri guda: lokaci, hali da aminci. Bai damu da tsawon hanya ba sai gwargwadon wahalar da za ta ba matafiyi. Abin da injiniyoyin yau ke kira auna ingancin aikin hanya, shi ne madugu yake yi da ka.

Da'irar mil ɗari

Turawa sun zo da wani ma'auni daban, kuma tun kafin su ga Sakkwato da idonsu ma'aunin ya ba su kunya. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, an shata iyaka a kan takarda ta hanyar zana baka mai nisan mil 100 daga tsakiyar birnin Sakkwato, wato kimanin kilomita 160. Abin da ke ciki na Ingila, na waje na Faransa. Da Faransawa suka zo bin ƙasa, sai suka tarar layin ya tura su cikin ƙasa mai ƙarancin ruwa, ba su da hanya mai rijiyoyi da za ta kai ayarinsu daga Kogin Kwara zuwa Damagaram. Dole aka koma teburi a 1904, aka ƙara gyarawa a 1906, aka matso da iyakar kudu. Ta haka Birnin Ƙonni, wanda bai kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, ya faɗa ɓangaren Faransa, Illela ta zama bakin iyaka. Da masu zanen farko sun tambayi madugu guda ɗaya, da ya faɗa musu cewa hanya tana bin ruwa ne. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.

Shuɗin littafi da littafin haraji

Bayan faɗuwar Sakkwato a ranar 15 ga Maris 1903, lissafin hanya ya shiga sabon tsari. Kowace ƙasa da Ingila ke mulka tana aika wa Landan wani kundin alƙaluma duk shekara, wanda suke kira Shuɗin Littafi, tare da rahoton shekara. A ciki akwai kuɗin shiga, yawan jama'a, kayan da aka fitar, da ayyukan gwamnati har da hanyoyi. Bayani yana tasowa daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa Di'o, daga Di'o zuwa Razdan, daga nan ya wuce Zungeru, bayan 1917 kuma Kaduna, sannan Ikko, sannan Landan. Wannan ne karo na farko da aka ɗora wa larduna nauyin kai wa gwamnatin tsakiya lissafin hanyoyinsu a rubuce, a kan lokaci.

Sai dai hanyar da suke ƙirgawa ita ce wadda ta dame su. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshensa da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. A idon gwamnati, aikin titi shi ne ya kai gyaɗa da auduga da fatun jar akuya bakin tasha, ba ya yi gasa da dogo ba. Da yawa daga cikin hanyoyin farko da aikin tilas aka share su, hakimai ke tara talakawa. Daga baya aka raba aiki: ma'aikatar ayyuka ta PWD ta riƙe manyan hanyoyi, En'e kuma ta riƙe saura da kuɗin Baitulmali. A tsakiyar shekarun 1920 aka kafa hukumar tsara hanyoyi ta ƙasa, aka fara zancen manyan hanyoyin da za su haɗa hedikwatocin larduna.

Rahotannin wancan zamani sukan raba hanyoyi gida biyu: waɗanda mota ke bi rani da damina, da waɗanda sai da rani. Wannan ragowar hikimar madugu ce, domin ya faɗi wani abu game da halin hanya. Amma idan mai karatu ya kwatanta shi da yadda ake ƙirga haraji da jangali, zai ga inda zuciyar gwamnati take. Kowane baligi da kowace saniya suna da gurbi a littafin malamin haraji, ana bin su duk shekara, hakimin da lissafinsa ya gaza yana iya rasa rawaninsa. Dalili a fili yake: a bayan wancan lissafi akwai kuɗi, akwai kuma hukunci.

Ƙasa ɗaya, suna ɗaya, iyaka huɗu

Da aka koma tsarin tarayya a 1954, hanyoyi suka kasu rukuni uku: rukunin A na gwamnatin tarayya, rukunin B na gwamnatocin yankuna, rukunin C na En'e, waɗanda ƙananan hukumomi suka gada. Kowane mataki da littafinsa. Daga nan sai sauye-sauye suka riƙa zuwa a jere. A 1967 aka rushe yankin Arewa, Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Yamma, wadda ta haɗa har da Minna da Bida. A 1971 aka yi dokar manyan hanyoyin tarayya. A 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, a cikin shekarun nan ne kuma kilomita ta maye gurbin mil. A 1974, da kuɗin mai suka yi yawa, tarayya ta karɓe dubban kilomitoci na rukunin B daga hannun jihohi, aka kira su rukunin F. A 1976 aka cire Neja, a 1991 aka cire Kabi, a 1996 aka cire Zamfara.

Ga mai nazarin siyasa wannan tarihin ƙirƙirar jihohi ne. Ga mai aiki da alƙaluma kuwa, tsinkewar zare ce. Wanda ya ɗauko tsawon hanyoyin "Sakkwato" na 1970 da 1980 da 1995 da 2000 ya jera su, ƙasashe huɗu daban ya jera da suna ɗaya. A kowace rabuwa ana raba ma'aikata da motoci da fayiloli, kuma abin da ke kan wani tsohon sifiyo yakan bi shi zuwa sabuwar jiharsa.

Akwai wata ƙa'ida da duk mai rubuta manhaja ke koya tun a aji: abin da kake son bibiya dole ya kasance da lambar shaida wadda ba ta canzawa. Manyan hanyoyin tarayya suna da ita. A1 ita ce ta taso daga Ikko ta biyo ta Ilori da Jebba da Kontagora da Yawuri, ta ratsa Tambuwal da Shagari ta shigo Sakkwato, ta wuce Illela. A126 ita ce ta Gusau da Funtuwa zuwa Zariya. Amma hanyar burjin da ke kai manomi kasuwar Acida ko ta Gada, yawanci sunanta shi ne abin da aka rubuta a takardar kwangila: daga gari kaza zuwa gari kaza. Gwamnati ta gaba idan ta zo gyara sai ta fara daga wani ƙauyen, ta ba aikin wani suna. A takarda hanya ɗaya ta zama biyu. Irin wannan ne ya dabaibaye hukumar DFRRI da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986 don buɗe hanyoyin karkara: an sanar da dubban kilomitoci, amma aka daɗe ana gardama kan nawa ne sababbi, nawa ne tsofaffin da gireda ta shafa, nawa ne suka tsira daga daminar farko.

Yadda wata tarayya ta warware nata

Amurka ma tarayya ce, kuma a can jihohi da ƙananan hukumomi ne ke riƙe da kusan dukkan hanyoyi. Abin da ta yi shi ne ɗaure lissafi a jikin kuɗi. Dokar tallafin hanyoyi ta 1916 ta ce jihar da ba ta da ma'aikatar hanyoyi ba za ta samu kaso ba, ta kuma raba kuɗin gida uku: kashi ɗaya bisa faɗin ƙasa, ɗaya bisa yawan jama'a, ɗaya bisa tsawon hanyoyin da ake kai wasiƙu karkara. Nan take sanin tsawon hanya ya zama abin da kowane gwamna ke so. A 1934 aka yarda jiha ta kashe kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na tallafin a kan safiyo da bincike kawai. Tun 1945 ake buga littafin alƙaluman hanyoyi duk shekara ba fashi. A 1978 aka kafa tsarin HPMS, wanda a ƙarƙashinsa kowace jiha ke aika tsawon hanyoyinta, yawan motocin da ke bin su, da lafiyar kwaltarsu, a bisa siga ɗaya, jami'an tarayya kuma su tantance.

Ita lafiyar kwaltar ma akwai ma'auninta. Bayan wani gwaji da aka yi a Birazil a 1982, Bankin Duniya ya fitar da ma'aunin gargada na IRI a 1986, wanda ke auna yawan jijjigar da mota ke sha a kowace kilomita. Da shi za a iya kwatanta titin Wamakko da na kowane gari a duniya, a kuma gane wanda ya fara lalacewa tun kafin rami ya buɗe.

Ba gaskiyar jami'an can ce ta fi ta namu ba. Tsarin ne ya sa ƙin aika bayani ya zama asara.

Abin da rashin lissafi ke ci

A nan gida, sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa abubuwan da za a duba wajen rabon arziki: yawan jama'a, daidaiton jihohi, kuɗin shiga na cikin gida, faɗin ƙasa, yanayin ƙasa da cunkoson jama'a. Shi ya sa ƙidayar jama'a ke tayar da jijiyoyin wuya, ƙidayar hanya kuwa ba mai ɗaga murya a kanta. Ofishin ƙididdiga ya samo asali tun 1928, kuma dokar 2007 ta ba hukumar NBS ikon daidaita alƙaluman ƙasa har da na jihohi, amma babu kason kuɗin hanya da jiha za ta rasa don ta yi shiru. An kafa FERMA a 2002 don gyaran hanyoyin tarayya, gyaran dokarta na 2007 kuma ya tanadi kashi biyar cikin ɗari na farashin fetur da dizal, a ba FERMA kashi 40 a ba hukumomin gyaran hanya na jihohi kashi 60. Da an aiwatar da wannan yadda aka rubuta, da an samu igiyar da za a ɗaura rahoto a jikinta. Tanadin ya zauna a takarda.

A inda akwai kuɗi kuwa, bayani yana tafiya. Lambar mota da lasisin tuƙi suna kawo wa jihohi kuɗin shiga, don haka rajistarsu tana isa rumbun hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988. Mun fi sanin motocinmu a kan titunan da suke bi.

Asarar farko ta rayuka ce. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018, adadin mutuwar haɗarin hanya da Najeriya ta bayar na shekarar 2016 shi ne 5,053. Ƙiyasin hukumar kuwa 39,802 ne, kusan ninki takwas. Wanda ya san ƙasarmu ya san inda saura suka shige. Babur ya kaɗe yaro a hanyar ƙauyen da jami'an sintiri ba sa zuwa, an yi masa sutura kafin la'asar kamar yadda addini ya tanada, babu takardar shaidar mutuwa. Wata ta cika a asibiti bayan mako biyu, ba wanda ya haɗa mutuwarta da kwanar da motarsu ta kife. Kwanar da ba ta shiga littafi ba, ba za ta shiga kasafi ba, kuma za ta sake ci.

Asara ta biyu ta dukiya ce. A 2020 majalisar zartaswa ta tarayya ta amince a mayar wa jihohi biyar kimanin naira biliyan 148 na gyaran hanyoyin tarayya da suka yi, bayan da aka tura kwamiti ya zagaya ya duba ayyukan da ido. Da akwai rajistar da ke nuna halin kowane yanki na titi shekara bayan shekara, da rabin aikin kwamitin a kan teburi za a yi shi. Haka batun nauyi. Wani gwaji da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan gatarin ƙafafun mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkawa kusan sau goma sha shida. Garin da ke da masana'antar siminti a Kalambaina da kasuwar dabbobi a Illela, wanda kuma ba shi da dogon da zai rage wa titi kaya, ya fi kowa bukatar sanin tirela nawa ke wucewa da nauyin da suka ɗauko. Ambaliyar Gulbin Rima ta watan Satumba 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har karatu ya tsaya, ta tuna mana cewa gada da kwalbati ma suna bukatar littafin duba lafiya.

Sai aminci, ginshiƙi na uku a lissafin madugu. Hanyar Gundumi zuwa Isa tana nan a taswira da cikakken tsawonta, amma an yi shekaru direbobi suna kauce mata saboda 'yan bindiga. Dajin da ya hana ayarin Barth barci ya koma abin da yake, kuma adadin kilomita 195,000 bai ragu da taku ɗaya ba.

Inda aka kwana

Yau kayan aiki ba su ne matsala ba. Wayar hannu da aka ɗaure a jikin mota tana iya ɗaukar hanyar da aka bi da jijjigar da aka sha. Yaƙi da cutar shan inna ya nuna cewa za a iya zana taswirar ƙauyuka da rugagen Arewa da hoton tauraron ɗan'adam, a kuma bibiyi masu allurar rigakafi gida-gida, saboda akwai masu ba da kuɗi da ba sa karɓar rahoton baka. Shirin RAAMP na Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, wanda aka amince da shi a 2020 kuma Sakkwato ke cikinsa, ya zo da sharaɗin kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun hanya a jiha. Ma'aunin da ake amfani da shi a duniya yanzu shi ne: mutum nawa ne a karkara ke zaune cikin kilomita biyu daga hanyar da ake bi rani da damina? Tambayar madugu ce ta dawo da sabuwar riga. Abin tsoro shi ne lissafin da ya zo da rancen waje ya tafi ranar da rancen ya ƙare.

A watan Oktoba 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri a Illela, mai tsawon kilomita 1,068, tunanin da ake dangantawa da zamanin Shehu Shagari. Tsawonta kowa ya haddace shi. Abin da ya kamata 'yan majalisar jiha da na tarayya su nema shi ne doka mai sauƙi: kowane yanki na hanya a ƙananan hukumomi 23 na jihar ya samu lambar da ba ta canzawa, a auna halinsa sau ɗaya a shekara bayan damina, a wallafa sakamakon inda kowa zai gani, a kuma ɗaura wani kaso na kuɗin gyara a kan aika rahoton. Wanda ke son ya fara tattara bayanin tun kafin dokar ta zo, ya nufi tashar mota. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: direbobin da ke lodin Gwadabawa da Goronyo da Sabon Birni sun san ramin da ke karya sifirin, da kwalbatin da ruwa ke haurawa, da sa'ar da ba a wucewa, kuma duk sun saka shi a cikin kuɗin motar da fasinja ke biya.